Tunawa da Farfesa Yusuf Dankofa

A watan Fabrairun 2024 ne Allah Ya karɓi ran Farfesa Yusuf Dankofa, malamin shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Da yawa sun san shi ne cikin lauyoyin Atiku Abubakar a shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2019. Ni kuwa aikinsa na aji na fi girmamawa. Duk talakan da aka yi wa ƙwacen fili, ko aka tsare ɗansa ba beli, lauya mai sani da gaskiya yake nema, kuma malami ne ke raino irinsa, da allo da jan biro.

Ɗalibansa, ku riƙe amanar nan. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu ƙarshen.