SANI DA TAKEWA: ABIN DA WANI MASANIN JAMUS YA HANGO



Yau za mu ɗan leƙa tunanin wani masanin falsafa Bajamushe mai suna Peter Sloterdijk, wanda aka haifa a garin Karlsruhe a 1947. A 1983 ya fitar da wani babban littafi a kan cutar da ya ce ta kama mutanen zamaninsa. Da can, in ji shi, masu neman gyara sun ɗauka cewa jahilci ne ya sa jama'a ke bin ɓarna, saboda haka da zarar an wayar da kansu za su daina. Shi kuwa ya ce mutumin yau kansa a waye yake. Ya san ƙarya ake yi masa, ya san aikin da yake yi yana cutar da wasu, amma gobe da safe zai ɗauki jakarsa ya koma wurin aikin, har ma ya yi wa abin dariya a wajen shan shayi. Wannan shi muke kira sani da takewa. To, me za ka faɗa wa irin wannan mutumin wanda bai riga ya sani ba?

Daga nan fata a siyasa ke mutuwa. A wani littafinsa na 2006 ya kwatanta jam'iyyun juyin juya hali da bankuna: talaka ya kai fushinsa ajiya, a yi masa alkawarin riba ranar da za a kifar da azzalumai. Da kwaminisanci ya rushe, babban bankin ya karye, kuma mai ajiyar da aka cinye wa dukiya sau ɗaya da wuya ya sake yarda da wani.

Sai watan Yuli na 1999, shekaru uku da haihuwar tunkiyar nan Dolly da aka kwafo daga ƙwayar jikin wata tunkiya. A wani taro a Elmau, kudancin Jamus, Sloterdijk ya yi jawabi a kan ƙa'idojin kiwon ɗan Adam. Ya ce Turawa sun daɗe suna horar da mutum da littafi da makaranta don su kwantar da dabbancinsa, amma rediyo da talabijin sun ƙwace wannan aiki. Sai ya yi tambaya: shin nan gaba ba za a koma zaɓen irin mutumin da za a haifa tun kafin haihuwa ba? Ya nemi a tsara ƙa'idoji tun da wuri. Jamus ta ɗauki zafi, kuma da dalili: a ƙasar ce dokar Hitler ta 1933 ta sa aka hana mutane kusan 400,000 haihuwa da ƙarfin tsiya. Jaridu suka zarge shi da farfaɗo da wancan tunani, shi kuma ya zargi Jürgen Habermas da kitsa masa tarkon. A 2001 Habermas ya fitar da littafi yana cewa yaron da iyaye suka tsara ƙwayoyin gadonsa zai yi wuya ya ɗauki kansa a matsayin mai cikakken iko da rayuwarsa.

A ganina kalmar kiwo ba ta dace da ɗan Adam ba, kuma Habermas ya fi shi hujja a nan. Amma tambayar tasa ba ta tsufa ba. A 2018 wani masanin kimiyya a ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar da haihuwar tagwaye mata da ya taɓa ƙwayoyin gadonsu tun suna 'yan tayi. An ɗaure shi shekaru uku. Daga baya ta fito fili cewa wasu masana a Amurka sun san abin da yake shiryawa, wasunsu sun gargaɗe shi a asirce, amma duniya ba ta ji ba sai da aka haihu. Ka ga sani da takewa kenan a ɗakin bincike.

Kada wani ya ce wannan hirar Turawa ce. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jariran da ake haifa da ciwon sikila. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda ke gyara ƙwayoyin ɓargon majinyaci shi kaɗai, gyaran ba ya bin 'ya'yansa. Wannan magani ne, ya bambanta da aikin He. Sai dai farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda. Wa zai biya wa ɗan mai faci?

Abin da ke hannunmu shi ne gwajin jini kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar doka a 2024. Da yawanku samari ne masu shirin aure. In kai AS ne ita ma AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Akan sami saurayin da ya karɓi sakamakon, ya karanta, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya je aka sa rana.

Nan zan dakata, sai a kawo tambayoyi.