Ƙarfi da Haƙuri: Gardamar Masu Karatu a Kan Halayen Sadaukan Labarun Zane na Amurka



Gabatarwa

Akwai wasu mujallu da ake bugawa a Amurka waɗanda ake ba da labari a cikinsu da zane-zane jere da juna, maganar kowane mutum tana rubuce cikin wata 'yar da'ira bisa kansa. Manyan taurarin waɗannan labarai sadaukai ne masu ƙarfi ko dabara da ta wuce ta ɗan'adam, irin su Superman da Batman da Spider-Man, waɗanda yawancinmu ta hanyar fim muka san su. Wani zai ce wannan ai abin yara ne. To, amma masu karanta mujallun, manya da ƙanana, sun daɗe suna wata gardama mai zafi a shafukan wasiƙu da wuraren tarurrukansu, kuma tambayoyinsu ba na yara ba ne. Shin ya dace sadauki ya kashe mugu? Wa ya ba shi iznin hukunta mutane? Idan an sāke masa hali, har yanzu shi ne ko wani ne daban? Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi asalin wannan gardama, a auna hujjojin kowane ɓangare, sa'an nan in faɗi inda na ga rinjaye yake.

Yadda Halayen Suka Samu

Superman ya fara fitowa a 1938 cikin mujallar Action Comics. Wasu samari biyu ne na birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka ƙago shi, suka sayar da haƙƙinsa a kan dala 130. Superman na farkon nan ba mai sanyin hali ba ne. Yakan shiga gida ya lallasa mai dukan matarsa, yakan tsorata masu cin hanci, har ya taɓa rushe unguwar talakawa don ya tilasta wa hukuma ta gina musu gidaje na kirki. Batman kuwa, wanda Bob Kane da Bill Finger suka fito da shi a 1939, a labarinsa na fari ya naushi wani mugu ya faɗa cikin tukunyar guba, bai kuwa nuna nadama ba. A wannan shekara har bindiga yakan riƙe. A 1940 aka zana shi yana harbi daga jirgin sama. Daga nan ne editan kamfanin, Whitney Ellsworth, ya sa doka cewa Batman ba zai ƙara kisa ba, ba kuma zai ƙara ɗaukar bindiga ba, domin yara ne masu saye, iyaye kuwa sun fara gunaguni.

Matsin ya ƙaru a 1954, lokacin da wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya buga littafi yana zargin mujallun da lalata tarbiyyar yara. A cikin shekarar wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a birnin Niyok ya saurari shaidu a kan batun. Tsoron kada gwamnati ta sa hannu ya sa masu ɗab'i suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Cikin ƙa'idojinta akwai cewa dole nagarta ta yi nasara a kan mugunta a kowane labari, kuma ba a yarda a zana ɗan sanda ko alƙali ko jami'in gwamnati ta hanyar da za ta zubar da mutuncin hukuma ba. A 2012 wata malamar jami'a, Carol Tilley, ta binciki takardun Wertham ta gano ya sassauya maganganun yaran da ya kafa hujja da su. Ita kuwa hukumar tacewar ta mutu a 2011, bayan kamfanonin ƙarshe sun janye daga cikinta.

Abin lura a nan shi ne, halin nan na ƙin kisa da masu karatu suke rantsuwa da shi yau, ciniki da tsoron hukuma ne suka haife shi. Duk da haka wannan bai rage masa daraja ba. Marubutan da suka biyo baya sun ɗauki dokar edita sun nema mata dalili a cikin labarin kansa: yaron da aka harbe uwa da ubansa a gabansa a bakin titi, ya girma ya tsani bindiga. Da haka abin da aka soma don kare kasuwa ya zama alkawari tsakanin tauraro da masu karatunsa.

Mai Hali Ba Ya Barin Halinsa

Ɗaliban adabi za su tambaya, me ya sa ba ma irin wannan gardama a kan Ganɗoki? Dalili shi ne Ganɗoki marubuci ɗaya gare shi, watau Malam Bello Kagara, ya rubuta shi, aka buga a 1934, labari ya ƙare. Sadaukin zane kuwa ya fi kama da Gizo na tatsuniya. Ɗaruruwan marubuta da masu zane sun karɓe shi hannu da hannu fiye da shekara 80, ba wanda ya isa ya ce shi kaɗai ya san shi. Kowace tsohuwa tana iya ƙaga wa Gizo sabon labari, amma ranar da ta mai da shi mai kyauta marar haɗama, yaran da ke zaune gabanta ne za su fara ce mata wannan ba Gizo ba ne. Haka masu karatun Amurka suke tsaron halin taurarinsu.

Alal misali, a fim ɗin Man of Steel na 2013, Superman ya karya wuyan abokin gabansa Zod don ya ceci wasu mutane da Zod ke shirin ƙonewa. Masu kallo suka rabu biyu. Wasu suka ce ba shi da wata hanya. Wasu, cikinsu har da Mark Waid wanda shi kansa ya rubuta labarun Superman, suka ce marubuci ne ya toshe hanyoyin da gangan, kuma amfanin Superman duka shi ne ya samo hanyar da babu wanda ya hango. Masu kare fim ɗin suka tuna wa jama'a cewa a 1988 ma Superman ya kashe Zod cikin mujalla. Aka amsa musu cewa gaskiya ne, amma a can abin ya dame shi har ya kori kansa daga duniya na wani lokaci. Watau har waɗanda suka yarda da kisan suna so su ga ya bar tabo.

Batman da Joker

Inda gardamar ta fi tsami shi ne tsakanin Batman da Joker, mahaukacin makashin nan mai fuskar dariya da ya fara fitowa a 1940. Batman ya kama shi, a kai shi gidan mahaukata na Arkham, ya tsere, ya kashe mutane, a sāke kama shi. An yi ta wannan zagaye ba adadi. Ra'ayoyin masu karatu a nan sun kasu uku.

Kashi na farko masu lissafi ne. Suka ce rai ɗaya a ajiye shi gefe guda, ɗaruruwan rayuka a ɗaya gefen, ma'auni ai ya nuna. A ganinsu duk wanda Joker ya kashe bayan kamun farko, Batman yana da kaso cikin alhakinsa, kuma tsarkin hannun da yake taƙama da shi da jinin wasu ake biyansa.

Kashi na biyu suka ce Batman ba alƙali ba ne, ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya san fuskarsa balle ya kai ƙararsa. Abin da ya sa kwamishinan 'yan sanda Gordon yake iya haƙuri da shi, shi ne yana kamawa ya miƙa. Idan kotu ta ce mahaukaci ne, gidan mahaukata kuma ya kasa riƙe shi, laifin na birnin Gotham ne da hukumominsa. Suka ƙara da cewa wanda ya yanke wa mutum ɗaya hukuncin kisa shi kaɗai cikin dare, na biyu ba zai yi masa wuya ba.

Kashi na uku suka ce duk a bar wahalar da kai, Joker ba zai mutu ba domin yana kawo kuɗi. Labarin da ba ya ƙarewa dole mugunsa ya riƙa tserewa.

Ni a nawa nazarin, hujjar masu lissafi tana da ƙarfi, amma ta dogara ne bisa wani abu da mai karatu kaɗai yake da shi, watau tabbas. Mai karatu ya ga Joker da idonsa yana aikata laifin, ya ji abin da ke zuciyarsa, ya kuma san lalle zai tsere a fitowa ta gaba. A duniyar da muke ciki ba mai irin wannan gani. Abin da muke da shi shi ne zato da jita-jita da shaidar da kan yi kuskure, kuma saboda haka aka ƙago kotu da ɗaukaka ƙara. Wanda ya ɗauko hukuncin da ya yanke cikin mujalla ya kawo shi titi, ya ɗauko fushin ne kawai, tabbas ɗin ya bar shi can cikin takarda.

Wannan kuwa ya faru. A 1974 Gerry Conway ya ƙago Punisher, tsohon soja da 'yan ta'adda suka kashe masa iyali, ya koma yana harbe masu laifi ba shari'a. Abokin gabar Spider-Man ne aka yi shi da fari. Sannu a hankali ya sami masoya, har wasu sojoji da 'yan sandan Amurka suka riƙa manna tambarinsa, watau ƙoƙon kan mutum, a motocinsu da kayansu. A 2017 sai da jama'a suka yi ca kafin 'yan sandan wani ƙaramin gari a jihar Kentucky su cire shi daga motocin aiki. Conway ya fito fili ya yi tir da wannan ɗabi'a, yana ganin tauraron nasa alama ce ta rushewar shari'a. A 2019 kamfanin Marvel ya sa Punisher kansa ya yage tambarin daga motar wasu 'yan sanda cikin labari. Irin wannan ya sami Alan Moore, marubucin Watchmen na 1986 zuwa 1987. Ya siffanta Rorschach a matsayin mutum mai taurin kai da ƙazanta da rashin tausayi don ya zama gargaɗi, sai ga masu karatu da yawa sun mai da shi gwaninsu.

Ranar da Masu Karatu Suka Zama Alƙalai

Akwai rana guda da aka miƙa wa masu gardamar nan wuƙa da nama. A 1988 editan Batman, Dennis O'Neil, ya lura masu karatu da yawa ba sa ƙaunar Jason Todd, yaron da ke taimakon Batman da sunan Robin, saboda tsaurin idonsa da rashin jin magana. Aka rubuta labari inda Joker ya yi wa yaron dukan kawo wuƙa da sandar ƙarfe, ya kulle shi a wani ɗakin ajiya tare da bam. Aka tsaya nan. Aka buga lambobin waya biyu, ɗaya ta a bar shi da rai, ɗaya ta ya mutu, kowane kira santi 50. An riga an zana ƙarshen labarin iri biyu ana jira. Cikin ƙasa da kwana biyu aka sami kira 10,614. Masu cewa ya mutu 5,343, masu cewa ya rayu 5,271. Da ratar ƙuri'a 72 aka kashe yaron.

Jama'a, mu tsaya mu dubi wannan. Mutanen da suka yarda cewa bai kamata gwaninsu ya kashe makashi ba, su ne da aka ba su iko ba tare da an ga fuskarsu ba, fiye da rabinsu suka zaɓi mutuwar yaro don ya cika tsiwa. Na sani yaron na takarda ne, ba a zubar da jinin kowa ba. Amma ya nuna yadda hukunci yake da sauƙi ga wanda ba za a tambaye shi ba. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, to ga shi sarkin yawan ma yana bukatar linzami. A 2005 marubuci Judd Winick ya dawo da Jason Todd da rai, ya sa ya tsare Batman yana tambayarsa dalilin da ya sa Joker ke numfashi har yanzu. Da haka gardamar masu karatu ta shiga cikin labarin kanta, ta bakin wanda suka kashe.

Kammalawa

Mun ga cewa halin waɗannan sadaukai hannuwa da yawa ne suka gina shi: marubuci da edita da 'yan majalisa da ɗan kasuwa da mai karatu. Mun kuma ga cewa duk inda gardamar ta juya, tana komawa ne ga tambaya guda, wadda ta girmi mujallun nesa ba kusa ba: mai ƙarfin da ba wanda zai iya hana shi, me zai hana shi? Tashi sama da ɗaga mota ba su ne suka riƙe masu karatu shekara da shekaru ba, domin mugayen labarin ma suna iyawa. Abin da ya bambanta sadauki da su shi ne abin da yake da ikon yi ya ƙi yi. A wurinmu ma ba a kiran mutum mai haƙuri sai in yana da halin ramawa.

Ɗalibanmu da ke nan gobe su ne alƙalai da hafsoshi da manyan sakatarori. Ma'aikatan da ke tare da mu kuwa sun riga sun san ranar da fayil ke zuwa gaban mutum, ƙa'ida tana jan ƙafa, zuciya tana ce masa ai ka san gaskiya, yanke kawai. A irin wannan rana ya kamata a tuna cewa mai karatun mujalla ne kaɗai aka nuna wa dukan shafukan labari. Sauranmu shafi ɗaya ko biyu muke gani, sa'an nan mu sa hannu.