SAMARI BA SU GAJI DA SIYASA BA, KATINSU NE KE NESA DA SU

Wannan shi ne jawabin da sakataren reshen samari na jam'iyya ya yi wa 'yan Arewa mazauna Ikko a wani taro da aka yi a Agege, inda aka tambaye shi ko ɗokin da samari suka nuna wa siyasa a 'yan shekarun nan ya kai iyakarsa.

Mai jawabin ya fara da cewa masu wannan zato ba su rasa hujja ba, kuma bai kamata a rena su ba. Ran 31 ga Mayu, 2018 ya ce, wato ranar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran Tsarin Mulki da ya rage shekarun tsayawa takara, jama'a sun ɗauka ƙofa ta buɗe ke nan. An mai da shekarun neman shugabancin ƙasa 35 maimakon 40, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi kuwa 25 maimakon 30. Sa'an nan a watan Oktoba na 2020 samari suka cika titunan Ikko suna neman a rushe rundunar 'yan sanda ta SARS. Da zaɓen 2023 ya matso, hukumar zaɓe ta ba da sanarwar cewa mutum miliyan 93 da 'yan kai ne ke cikin rajista, kuma miliyan 37 daga cikinsu 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. Amma ran 25 ga Fabrairu, da aka buɗe akwatuna, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 27 cikin 100 ba, alhali kuwa a 2019 an sami wajen kashi 35, a 2015 wajen kashi 44. Wanda ya dubi wannan lissafi, in ji shi, dole ya ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Duk da haka ya ce bai yarda ba. Dalili kuwa shi ne, abin da ya cika ya batse a shekarun nan surutu ne a wayar hannu da gangami a titi, kuma waɗannan ɗabi'arsu ce su taso su kwanta. Aikin siyasa na ainihi, watau yankar katin jam'iyya, da zuwa taron mazaɓa, da zaɓen wakilan da za su fid da ɗan takara, da tsayawa a rumfar zaɓe har a ƙidaya ƙuri'a, samari ba su shige shi sosai ba tukuna, balle a ce sun ƙoshi da shi. Ya kuma tuna wa jama'a cewa zaɓen 2023 ya zo ne a tsakiyar canjin kuɗi da ƙarancin mai, lokacin da mutum kan yini a bakin banki bai sami naira dubu biyar ba. Ya taɓo tsadar takara a taƙaice: a 2022 ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu ta sa wa takardar neman takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100. Doka ta buɗe ƙofa, ya ce, kuɗi ya tsaya a bakinta da sanda.

Daga nan ya juya kan waɗanda ke zaune gabansa, kuma a nan ne ya daɗe. Ya ce saurayin Arewa da ke neman abinci a Kurmi yana da wata matsala tasa ta daban: jikinsa na Ikko ko Badun ko Fatakwal, katinsa na Kazaure ko Illela ko Potiskum. In zaɓe ya zo, ko dai ya rufe sana'arsa ya biya kuɗin mota mai tsada ya tafi gida, ko ya zauna a ɗaki ya saurari rediyo. Da yawa ma tafiyar ba don ƙuri'a suke yinta ba, don gudun fitina ne. Sakamakon haka, a garin da yake biyan kuɗin rumfa da kuɗin shara da harajin ƙaramar hukuma, ba a lissafa shi cikin masu zaɓe, kuma ɗan siyasa ba ya jin tsoron wanda ba ya cikin lissafi.

Ya kawo misalin hana haya da babur da gwamnatin Jihar Ikko ta yi a ƙananan hukumomi shida ran 1 ga Yuni, 2022, ta kuma ƙara wasu huɗu a watan Satumba. Ya ce ba ya musun cewa gwamnati tana da dalilanta na hatsari da tsaro. Abin tambaya shi ne, sa'ad da ake yanke shawarar, wa ya zauna a madadin dubban samarin da babur ɗin ne tukunyarsu? Haka nan da rikicin kasuwar Shasha ya auku a Badun a watan Fabrairu na 2021, sarakunan Hausawa da gwamnonin da suka zo daga Arewa ne suka yi ta faɗi-tashi. Ya ce sarkin Hausawa uba ne, ana girmama shi, amma roƙo yake yi. Kansila kuwa yana da kujera da ƙuri'a a majalisa.

Don kada wani ya ce baƙo ba ya siyasa a garin mutane, ya koma tarihi. Malam Umaru Altine, Bafillace daga ƙasar Sakkwato, fataucin shanu ya kai shi Inugu, ya shiga NCNC, har aka zaɓe shi magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Cikin mutum takwas da suka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, galibinsu samari, akwai Bello Ijumu, mutumin ƙasar Kabba. Ba wanda ya ce musu su koma garinsu su yi.

Game da masu cewa ƙuri'ar baƙi ba ta da yawan da za ta canja kome, ya ce su dubi Ikko kanta. A 2023 mutum fiye da miliyan 7 ne suka yi rajista a jihar, amma tazarar da ke tsakanin Peter Obi da Bola Tinubu a zaɓen shugaban ƙasa ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba. In haka ta faru a jiha guda sukutum, ina ga kujerar kansila a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12?

Wani dattijo ya miƙe ya ce abin da ke hana yara fita ranar zaɓe tsoron 'yan daba ne, kuma wanda ya taɓa ganin an ƙone rumfarsa ba a yi masa wa'azin jarunta. Mai jawabin ya amsa da cewa, Baba, gaskiyarka, tsoron ba na banza ba ne. Shawararsa ita ce kada kowa ya fita shi kaɗai: 'yan kasuwa ɗaya su yi rajista a rumfa ɗaya, su tafi tare da sassafe, shugabannin unguwa kuma su gana da baale da 'yan sanda tun kafin ranar.

Ya bayyana cewa doka ta yarda mutum ya yi zaɓe a inda yake zaune ko inda yake aiki, kuma wanda ya riga ya yi rajista a gida ba sai ya sake wata ba, hasali ma yin rajista sau biyu laifi ne. Abin da zai yi shi ne ya je ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumar da yake zaune, da katinsa a hannu, a lokacin da aka buɗe rajista, ya nemi a mayar da sunansa mazaɓar da ke kusa da shi. Ba a biyan ko kwabo. Ya nemi kowane shugaban 'yan kasuwa da ke wurin ya kawo sunayen yaransa da suka cika shekara 18, da waɗanda katinsu ke gida, a taro mai zuwa, don a raka su kafin zaɓen 2027.