Jinyar yaro ba ta uwa kaɗai ba ce

 Yau zancenmu a kan ciwon noma ne. Ba noman gona ba, ciwon nan da ke cin bakin yara, wanda wasu ke kira zaizayar baki.

Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. Da kumburin dasashi yake farawa, sai jini da warin baki, sai kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki ya huda fuska. In ba a yi magani ba, cikin yara goma har tara na iya rasuwa. Amma in aka kai yaro asibiti tun yana dasashi, magani na kashe shi. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. A Sakkwato akwai asibitin yara na noma, inda ake gyaran fuska kyauta, a Damagaram ma akwai cibiyar da ke karɓar irin yaran nan.

To, in magani kyauta ne, me ke hana zuwa? Gida ne ke hanawa. Jinyar nan makonni take ɗauka, wani lokaci a yi aiki a koma, a sake dawowa. Uwa na gefen gado, hankalinta na wajen ƙananan da ta baro. Uba na lissafin wa zai kai shanu mashaya, wa zai buɗe rumfa ranar kasuwa. Wannan lissafin ne ke sa a jinkirta tafiya, ko a ɗauke yaro magani bai ƙare ba.

A nan maƙwabci ke da aiki. Kai makiyayi, haɗa garkensa da naka na mako biyu. Ke inna, ƙara mudu ɗaya a tukunyarki, ki ɗauki yaranta su kwana ɗakinki. Direban da ke bin hanyar Ƙonni da Illela, kujera ɗaya ba za ta karya ka ba. Ɗan canji, in uwar mara lafiya ta miƙo jikka biyu, canza mata ba riba. Mai waya, ara mata ta ji muryar gida. Mai nono, in yaro ya dawo, tuna da shi da ƙwarya ɗaya, don abinci mai gina jiki rabin maganinsa ne.

Akwai kuma alherin da ba ya cin ko dala. Noma ba aikin iska ba ne, ba a kuma ɗaukarsa don an yi wasa tare. Kada ku janye 'ya'yanku in yaron ya fito dandali. Ku je gaisuwa, ku zauna, ku kira shi da sunansa. Uwar da ake kaucewa ita ke ɓoye ɗanta a ɗaki har lokaci ya ƙure.

Kada ka tsaya a "Allah ya sawwaƙe". Tambayi mai jinya: "Wane aiki zan ɗauke maka gobe?" Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yau da dare kowa ya duba bakin ɗansa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya. Sai mako mai zuwa, in da rai.