Labarin Duwatsun Mandara

Yau zan ba ku labarin Duwatsun Mandara, waɗanda ke bisa iyakar Nijeriya da Kamaru. Sun taso daga wajen kogin Binuwai a kudu, suka miƙe arewa har kusa da garin Mora, tafiyar wajen mil 120. Yamma da su akwai Mubi da Michika da Madagali da Gwoza, gabas kuwa akwai Marwa. Ba su cikin manyan duwatsun duniya, gama wanda ya fi su tsawo, wato Upay, bai wuce ƙafa 4,900 bisa teku ba.

Ƙasar nan kashi uku ce. Da fari akwai gindin dutse, inda tuddai suka warwatsu cikin fili. Sa'an nan sai gangare mai wuyar hawa. Can bisa kuma akwai shimfiɗaɗɗen tudu mai sanyin iska, inda garin Mokolo yake. A wajen Rumsiki akwai waɗansu duwatsu tsaye kamar hasumiya, ragowar duwatsu masu aman wuta ne na zamanin da.

Ruwan da ke zuba a kansu rabuwa yake yi. Kogin Yedseram ya nufi arewa cikin ƙasar Barno, Mayo Tsanaga ya bi ta Marwa, Mayo Luti kuwa ya yi kudu, ruwansa ya ƙarasa Binuwai.

To, kowane manomi ya sani ruwa a gangare ɓarawon ƙasa ne. Ƙaƙa mutanen dutse, irin su Mafa da Kapsiki, suka sami abinci a can? Sai suka jera katangun duwatsu gicciye, hawa-hawa kamar matakala. Ruwa in ya zo sai katanga ta karya ƙarfinsa, ya nutse, ƙasa ta tsaya. Nan suke shuka dawa da gero da wake, suna zuba takin dabbobinsu.

Tsoron masu kamun bayi yana cikin abin da ya riƙe su a bisa, don doki ba ya hawan dutse. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya yi ta kai musu hari, daga baya Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927. Ga shi kuwa a 1999 hukumar UNESCO ta sa ƙasar Sukur, da gonakinta da hanyoyinta na dutse, cikin kayan gadon duniya.

Amma ku lura, katanga gyara take so kowace shekara. Inda mutane suka sauko fili suka bar ta, sai ta zube, ruwa ya kwashe ƙasar da kakanni suka tara, ya bar dutse tsirara.

Saboda haka, wanda gonarsa ke gangare, kada ya jira sai zaizaya ta ci rabinta. Ya tsince duwatsun da ke ciki, ya jera su gicciye tun kafin ruwan fari. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.