Ɗaki Kafin Mota: Jawabi Ga Matasan Gusau, Tsafe Da Bunguɗu

Wannan shi ne jawabin da wani malami ya gabatar ga 'yan uwa matasa na Gusau, Tsafe da Bunguɗu a zamansu na ƙarshen mako, kan halin da saurayi mai ƙaramin albashi ya samu kansa a ciki game da muhalli da abin hawa.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), malamin ya fara da cewa da yawa daga samari suna jin kunyar kansu don iyayensu sun yi gida da iyali tun suna da shekara 25, su kuwa ga shi sun doshi 30 suna kwana a shagon ƙofar gida. Ya ce kafin a kira saurayi malalaci, a fara yin lissafi tukuna.

Ya ce a 1981, zamanin Shagari, mafi ƙarancin albashi Naira 125 ne, amma a lokacin Naira ta fi Dalar Amurka daraja, don haka kuɗin sun kai kimanin Dala 200. A 2024 aka mayar da shi Naira 70,000, alhali Dala ta haura Naira 1,500, wato bai kai Dala 50 ba. Lambobi sun kumbura, abin da suke saye ya tsuke. A Zamfara ma Naira 30,000 da aka sa wa hannu tun 2019 sai a 2024 aka fara biyanta.

Daga nan ya tuna wa 'yan uwa cewa a da, Peugeot 504 a Kaduna ake haɗa ta, ma'aikaci na samun bashin mota daga wurin aiki ya saye ta sabuwa. Bayan shirin SAP na 1986 aka koma ga tsofaffin motocin Kwatano, yau su ma sun gagari talaka. "A ɗauka an yi maka tayin tsohuwar mota a Naira miliyan 5. Albashin 70,000 a shekara 840,000 ne. Sai ka yi kusan shekara 6 ba ci ba sha kafin ka haɗa kuɗin. In ka saye ta kuma, da me za ta sha mai? Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 1,000 a ƙarshen 2024."

Game da gida, malamin ya bayyana cewa Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996, ma'aikata suka cika ta. Aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013. Sannan matsalar 'yan bindiga ta koro mutanen ƙauyuka zuwa Gusau, Tsafe da Bunguɗu. Masu neman ɗaki sun ninka, ɗakunan ba su ninka ba, dole haya ta tashi a Tudun Wada, Samaru da Sabon Gari. Masaƙar Gusau da ke ɗaukar samari aiki ta daɗe da rufewa. Buhun siminti kuma ya kai Naira 10,000 a farkon 2024, wato albashin wata guda buhu 7 ke nan.

Ya ce wannan ba laifin saurayi ba ne. Inda laifinsa ke farawa shi ne in ya bar ƙunci ya tura shi ga ɗayan ramuka uku. Na farko bashi da ruwa, wanda ake cirewa daga albashi tun bai shigo hannu ba. Ko rancen asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 akwai ruwa a cikinsa, sai a yi hattara. Na biyu rayuwar ƙarya, a sayar da gonar gado a sayi mota don a burge abokai, bayan shekara biyu babu gona, motar kuma tana kan duwatsu a garejin makanike. Na uku, wanda ya fi muni, kai wa mutanen daji mai, abinci ko labari don kuɗin dare ɗaya. "Wanda ya gina ɗaki da kuɗin fansar maƙwabcinsa, wane barci zai yi a ciki?"

Sannan ya kawo mafita. Ya ce a jera buƙatu bisa tsari: sana'a, ɗaki, aure, sannan abin hawa. Abin hawan ma a fara da wanda ke kawo kuɗi, kamar mashin ko Keke Napep, kafin wanda ke cin kuɗi. Ya ce kakanninmu da tubalin laka da azara suka yi gini, kuma ɗakin laka mai kwano naka ya fi falon siminti na haya. Ya ba da misali: samari 10 su yi adashi na Naira 10,000 duk wata, kowane wata ɗaya ya ɗauki 100,000, a rubuta, a sa shaidu. In sun haɗa kuɗi sun sayi fili a bayan gari su raba, su bincika takardu wajen mai unguwa da hukumar filaye, su kuma duba tsaron wurin. Ginin kuma a farfaɗo da gayya: yau a buga tubalin wane, mako mai zuwa na wane.

Ga iyaye kuma ya yi kira da su sassauta. Akwatunan lefe da sharaɗin sai gida mai falo su ne ke tsayar da samari da 'yan mata shekaru ba aure. Masu gidajen haya da masu ɗaukar yaran shago su ji tsoron Allah cikin abin da suke karɓa da abin da suke biya. Samari kuma kada su yi shiru kan haƙƙinsu na albashin da zai riƙe mutum.

Ya rufe da neman kowane yanki, Gusau, Tsafe da Bunguɗu, ya fitar da rukunin adashinsa da ranar gayyarsa kafin zama na gaba. Aka yi addu'ar zaman lafiya ga Zamfara, aka tashi.