Bututun Roba, Yashi da Wuta: Hanyar Ɗaga 'Ya'yanmu Daga Zaman Ƙasa



A shekarun da na yi ina shugabancin makarantar firamare, babu abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya kamar gara. Mukan tafi dogon hutu mu bar bencinanmu lafiya lau, mu dawo mu tarar ta rarake ƙafafunsu, yara su koma zaman ƙasa suna rubutu a kan cinya. Katako kuwa kullum ƙara tsada yake yi, ga itatuwanmu suna ƙarewa, hamada tana matsowa daga arewa.

Kakanninmu sun yi gadon kara ne domin kara ke gabansu. Mu kuwa yau bututun roba na PVC, wanda masu aikin famfo ke ja da ruwa, yana nan jibge a kasuwanninmu. Gara ba ta cin sa, kuma ba ya tsatsa. Da shi ana iya haɗa ƙwarangwal ɗin kujerar yara, da ƙaramin tebur, da kantar littattafai.

Sirrin aikin yana wajen lanƙwasawa. Wannan roba tana fara laushi ne idan zafi ya kai wajen digiri 80 a ma'aunin Salshiyas. Sai a toshe baki ɗaya, a ɗura busasshen yashi har ya cika, domin shi ke hana bututun lotsewa a kwana. A riƙa juya shi nesa kaɗan da garwashi, ko kuma a soya yashin a kasko a zuba shi da zafinsa. Da ya yi laushi sai a tanƙwara shi a jikin turmi, a riƙe, a shafe shi da jiƙaƙƙen tsumma har ya sandare.

Amma akwai hattara. Idan robar ta ƙone, hayaƙinta guba ne ga huhu, saboda haka a fili ake aikin, ba a ɗaki ba. Siririn bututun da ake zura wayar lantarki ba ya ɗaukar nauyin mutum, sai mai kauri. Rana ma tana cin robar sannu a hankali har ta tsage, sai an shafa mata fenti.

Roƙona ga wannan ƙungiya shi ne mu zaɓi matasa daga Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, mu nemi shawarar malaman Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a kan horar da su, mu saya musu zarto da ma'auni da bututu. A fara da aji ɗaya tak. Bayan shekara mu je mu duba da idonmu: in kujerun sun jure hawa da saukar yara, mu faɗaɗa, in sun karye, mu gyara tsari kafin mu ƙara kashe ko kwabo.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matasanmu ma haka ne.